Hannu Biyu Sama

Kalma ɗaya ciwon ya bar wa Samson mijin Afiniki, ita ce "yauwa". Mutumin da in ya tare ka a bakin kasuwar Kafanchan sai ka nemi wurin zama don ka san yininka ya tafi, shi ne aka wayi gari bakinsa ba ya fitar da komai sai wannan. Wata safiya ce cikin daminar casa'in da ɗaya, yana wanke fuska a bayan ɗaki, buta ta suɓuce masa, shi ma ya bi ta. Likita ya ce hawan jini ne ya kayar da shi, ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da maganar.

In Afiniki ta kawo masa tuwo, yauwa. In kunu ya ƙona masa baki, yauwa. Ran da ta taka masa ƙafa ba da sani ba, ya runtse ido don zafi, ya ce yauwa. 'Yan dubiya kuwa, Allah ya shirye su. Kowa ya shigo sai ya kafa baki a kunnensa ya ƙwala gaisuwa kamar mai kiran wani a ƙetaren rafi, alhali kunnen Samson lafiyarsa ƙalau. Daga nan su juya su yi ta hira a kansa yana zaune, wannan ya ce asiri ne, wancan ya ce ai hankalin ya riga ya tafi. Afiniki takan ga jijiyar wuyansa tana tashi, ranta ya ɓaci, sai ta miƙe ta ce wa baƙin mai jiki yana son ya huta.

Gidan nasu ƙarami ne, a bayan layin dogo. Samson ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, shi ne mai haɗa taragu a tasha, wanda yake tsayawa a ƙasa yana yi wa direban jirgi nuni da hannu. Da kansa ya gina ɗakunan, ya dasa gwaba a tsakar gida. 'Yarsu ɗaya, Bernice, tana makaranta a Kaduna. Su biyu ne a gidan, sai kaji.

Ana cikin haka Kumai ya zo daga Madakiya. Shi ne yayan Samson, shi ne kuma babba a gidansu tun da mahaifinsu ya rasu. Ya zauna ya daɗe yana kallon ƙaninsa, idonsa ya yi ja, sannan ya sa aka kira fasto da dattawan coci. A al'adarsu, in mutum ya kwanta ciwo har asibiti ya sallame shi bai warke ba, danginsa sukan kai shi gida, wato gidan ubansa a ƙauye. Abin kunya ne a ce an bar ɗan gida ya ƙare a hannun baƙi. Afiniki ta san abin da kai wa gida yake nufi, don ta gani da idonta lokacin surukinta. Ɗaki ne a ƙarshen gida, da tabarma, da mai kawo kunu safe da yamma, kowa yana magana ƙasa-ƙasa yana jira. Ba ta taɓa ganin wanda aka kai gida ya dawo ba.

Da Hausa Kumai ya yi maganar, saboda dattawan kowa da yarensa. Ya sunkuya ya tambayi ƙaninsa ko ya yarda a kai shi gida. Samson ya buɗe baki, ya yi ta kokawa, gumi ya keto masa, hawaye ya zubo.

"Yauwa," ya ce.

"Kun ji da kunnenku," in ji Kumai. "Magana ya ƙare."

Afiniki ta durƙusa ta ce, Baba, ai haka yake cewa ko da an taka shi. Kumai ba mugu ba ne, amma kansa tauri gare shi, kuma bai saba mace ta gyara masa magana a gaban maza ba. Ya ce in an gama haƙar citta zai zo da mota. Da fasto ya sa baki, iyakar abin da Kumai ya sassauta shi ne, in Samson da kansa ya nuna ba zai tafi ba, to shi ba zai ɗauki namiji kamar buhu ba. Amma daga Samson yake son ji, ba daga matarsa ba.

Abin da ya fi ci wa Afiniki rai shi ne rabuwa da Sista Mildred. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin garin, wadda aka taɓa turawa kudu ta yi kwas a kan masu irin wannan ciwo da maganarsu ta ɗauke. Ran Talata takan biyo ta gidan in ta tashi aiki, da jakarta cike da kofi, cokali, mataji da hotuna. In aka kai Samson Madakiya, shi ke nan, an rabu da ita. Ita ce mutum ta farko da ta zauna daidai fuskarsa ta yi masa magana a hankali kamar yadda ake yi wa dattijo. Ta ce wa Afiniki hankalinsa yana nan daram. Ya san kofi, ya san abin da ake yi da shi, sunan ne ba ya samun hanyar zuwa baki. Wannan "yauwa" kuwa ba amsa ba ce, ita ce kawai take suɓucewa duk lokacin da ya yunƙura. Ko gyaɗa kai da girgiza kai ma suna rikice masa, kada a dogara da su tukuna.

Afiniki ta aika wa Kumai da wannan bayani. Amsa ta dawo cewa ba yarinyar asibiti ce za ta koya masa jin maganar ƙaninsa ba.

Aikin kuwa tafiya yake kamar ba ya tafiya. Sista ta ɗaga kofi ta faɗi sunansa, Samson ya kalli bakinta, ya motsa nasa, ya ce yauwa, ya ture kofin da fushi. Wani lokaci Afiniki takan shiga kicin ta yi kukanta a gaban murhu ta ce hayaƙi ne. Akwai ma abin da take tsoro wanda ba ta gaya wa kowa ba. In fa da gaske yake? In fa ya gaji ne, yana son ya koma inda aka binne iyayensa, ita ce take riƙe shi don son ranta? Shekaru da yawa ta yi tana ce masa ya rage surutu, yau ga shi tana neman jimla ɗaya daga bakinsa ba ta samu ba.

Ganyen citta ya fara yin rawaya a gonaki lokacin da Malam Lawal ya zo. Tsohon direban jirgi ne, shi da Samson sun yi aiki tare tun suna samari, wannan yana sama a kan jirgi, wancan yana ƙasa. Tun rikicin tamanin da bakwai Lawal ya kwashe iyalinsa ya koma cikin 'yan'uwansa Musulmi a ɗaya ɓangaren garin. Ba faɗa suka yi ba, ƙafa ce dai ta ɗauke, sai ɗaga hannu daga nesa in an haɗu. Yanzu wata tsohuwar akori-kura yake ja, yana dakon kayan gona. Labarin bai same shi da wuri ba, da ya same shi kuma kunya ta hana shi zuwa hannu sake, sai ya loda itacen girki ya taho da shi.

Ƙofar gidan matsattsiya ce, dole sai da baya motar za ta shiga. Samson yana zaune a kujerarsa a gindin gwaba, kusa da randar ruwa. Afiniki ta fito tana cewa Malam Lawal maraba, sai ta ga abin da ya tsayar da ita. Hannun hagun mijinta ya tashi. Yana yafito motar, a natse, irin na wanda ya san aikinsa. Da ta karkata wajen bangon kicin ya nuna gefe, Lawal ya gyara. Ya shimfiɗa tafinsa yana yin ƙasa da shi sannu-sannu, motar ta rage gudu. Lawal ya leƙo da kai ta taga, ba ya kallon bango, ba ya kallon ƙasa, hannun kawai yake kallo. Can sai Samson ya ɗaga hannun sama ya miƙar da shi sosai. Lawal ya ƙara taka mai.

Motar ta bugi randar da Afiniki ta zo da ita tun aurenta, ta fashe, ruwa ya malale tsakar gida, kaji suka watse.

Lawal ya fito yana salati, yana ba da haƙuri, ya juya wajen abokinsa ya ce, haba Samson, ai ce mini ka yi hanya lafiya. Sai ya ga hannun daman a kwance a cinya. Samson kuwa dariya ce ta ƙwace masa, karkatacciya, da gefen baki ɗaya, har da tari. Rabon da Afiniki ta ji dariyarsa tun kafin ya faɗi.

A nan Lawal ya yi mata bayani. A aikinsu, hannu ɗaya sama yana nufin lafiya lau, ci gaba. Tsayawa kuwa sai da hannu biyu, duka sama da kai. Samson ya so ya tsayar da shi, hannu ɗaya ne ya amsa. Shi kuma da ya yi shekaru yana bin hannun nan ido rufe, ko randar bai duba ba.

"Maman Bernice," ya ce, "mutumin da ya shigo da ni ta wannan ƙofa ban gogi bango ba, kada wani ya ce miki ba shi da hankali."

Afiniki ta tsaya cikin caɓalin ruwan, daɗi da tausayi suka haɗe mata. Ashe mijinta yana nan. Ashe kuma ciwon ya bi ya ƙwace masa "a'a" ta kowace hanya, a baki da a hannu, ya bar shi da amincewa kawai.

Ran Talata ta zayyana wa Sista Mildred komai, har da randar. Sista ta yi dariya, sannan ta ture jakar hotunanta gefe ta ce yau ba kofi. Ta ce sau da yawa abin da jiki ya saba yi yakan jawo kalmar da take tafiya tare da shi. Ta nuna wa Samson yadda zai sarƙe yatsun hannun lafiyayyen cikin na shanyayyen, ya ɗauko shi, su tashi tare. Ta ce hakan ma zai taimaki kafaɗar. Duk lokacin da hannuwan suka tashi, ita da Afiniki su ce "tsaya", a ja kalmar a hankali, shi kuma ya bi su in ya iya. Ranar farko ko ƙirjinsa hannuwan ba su wuce ba.

Da za ta tafi ta ja Afiniki zuwa bakin ƙofa. "Mama, ba don ya faɗi abin da kike so muke koya masa ba. In ranar ta zo ya nuna zai tafi, ke za ki ɗaure masa kaya."

Maganar ta yi wa Afiniki zafi, amma ta san gaskiya ce. Ta ce ta ji.

Daga nan Malam Lawal ya maida gidan wurin zuwansa. In ya yi sallar la'asar sai ga shi. Ba kullum yake zuwa da mota ba, don haka baron Afiniki ya zama jirgi. Ka ga dattijo da furfura, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, yana tura baro a tsakar gida yana kukan jirgi da baki, Samson yana yafito shi da fuska a murtuke kamar manyan tasha suna kallo. Maƙwabta suka leƙo, suka koma suna cewa ciwon ya fara kama masu jinya. In baron ya matso, Samson ya sarƙe hannuwa ya yi ta ja. Lawal kuwa ba ya yi masa sauƙi ko kaɗan, in hannuwan ba su wuce kai ba sai ya dungure masa ƙafar kujera ya ce an yi hatsari. Sannu a hankali hannuwan suka kai haɓa, suka kai goshi. Wata rana suka wuce kai, suna rawa, baron ya tsaya cak. Kalmar dai ba ta zo ba. Leɓensa yakan haɗu, iska ta fito ta tsakanin haƙora, sai ta ƙare a yauwa.

Sau da yawa Afiniki ta zauna kusa da shi da niyyar ta tambaye shi maganar Madakiya, tunda yanzu yana da yadda zai ƙi. Sai ta ji tsoron amsar, ta tambaye shi ko zai ƙara miya.

Aka gama haƙar citta, aka shanya ta a kan duwatsu da bakin hanya, Kumai ya cika alkawari. Afiniki ce ta ce ba sai ya nemo mota ba, ga ta Malam Lawal. Lawal ya gaya mata tun da wuri cewa shi direba ne, in ba a tsayar da shi ba sai Madakiya. Da hantsi Kumai ya iso tare da fasto. Afiniki ta ɗaure kayan mijinta da hannunta kamar yadda ta yi alkawari, ta fito da katifa aka shimfiɗa a bayan motar a waje. Samson yana gindin gwaba cikin rigarsa ta zuwa coci.

Kumai ya tsaya a kansa ya sake tambaya, da ƙarfi, a kunne. Samson ya ce yauwa. Hannuwansa suna cinya, ba su motsa ba. Afiniki ta sunkuyar da kai. To, ta ce a ranta, ashe so yake. Ubangiji ka ba ni ƙarfin raka shi.

Kumai ya ce a matso da mota daidai kujera don a ɗaga shi. Lawal ya tayar, ya fara shigowa da baya, kansa a waje. Wannan karon ba wanda ya yafito shi. Motar ta wuce ƙofa, ta wuce bangon kicin, katifar tana matsowa. Samson yana kallonta. Sai hannun hagu ya lallaɓa ya nemo ɗan'uwansa, yatsu suka sarƙe. Ya ja. Suka wuce ƙirji, suka tsaya a haɓa suna rawa, ya cije, ya ƙara ja, har suka miƙe sama da kansa.

Lawal ya taka birki, ya kashe mota, ya fito ya jingina da ita.

Kumai ya ce da sauran tazara, a ƙara matsowa. Lawal ya ce, Baba Kumai, ka yi haƙuri, tun da nake tuƙi ban taɓa wuce hannu biyun nan ba, ba kuma yau zan fara ba. Kumai ya ce miƙa mutumin yake yi, kowa ya san mai ciwo yana miƙa. Afiniki ta durƙusa ta gaya masa abin da alamar take nufi, ta roƙe shi abu ɗaya. Ta ce kada ya tsaya a kansa, kada ya ɗaga murya, ya zauna daidai fuskarsa ya tambaye shi yadda yake tambayarsa suna yara.

Kumai ya kalli fasto, fasto ya kalli ƙasa. Tsohon ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya bar Hausa ya koma yaren gida, ya kira ƙaninsa da sunan da uwarsu take kiransa. Ya ce ya yi wa uwarsu alkawari ba zai bar shi a waje ba. Ya ce ɗakin yana nan an share. Ya tambaye shi, za ka bi ni?

Hannuwan sun riga sun sauka don gajiya. Samson ya sake sarƙe su. Wannan karon sun fi wuyar tashi, gumi yana bin wuyansa, idonsa cikin na yayansa. Da suka wuce kai, leɓensa ya motsa, iska ta fito, ta sake fitowa.

"Tsa..." ya ce. "Tsaya."

Muryar a shaƙe take, ba ta yi kama da ta mai surutun bakin kasuwa ba, amma kowa ya ji. Afiniki ta toshe bakinta da gefen zani, kukan daɗi ya ci ƙarfinta. Lawal ya juya yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

Kumai ya daɗe a tsugune. Hawaye yana bin tsagar fuskarsa, bai share ba.

"Ashe kana ciki," ya ce. "Duk abin da muke faɗa kana ji."

Ya miƙe, ya je bayan motar ya ɗauko katifar da kansa ya maida ɗaki. Ya dawo ya ɗauki ƙullin kayan ya miƙa wa Afiniki da hannu biyu, ya tambaye ta wace rana ce yarinyar asibitin take zuwa. Ta ce Talata. Ya ce to, a gaishe ta. Kunya ta hana shi zama, ya ɗauki sandarsa ya nufi ƙofa, ya ce zai je tasha ya nemi motar Madakiya.

Afiniki ce ta kira shi ta ce, Baba, duba. Kumai ya waiga. Hannun hagun Samson yana yafito shi. Ya tsaya yana shakka, Lawal ya ce ai matso ake ce maka. Ya tako. Hannun ya nuna gefe, ya kauce wa sabuwar randa. Tafin ya yi ƙasa sannu-sannu, ya rage sauri, har ya iso bencin da yake gindin gwaba ya zauna, kafaɗarsa tana taɓa ta ƙaninsa.

Samson ya ɗaga hannu ɗaya sama.

"Yauwa," ya ce.

Afiniki ta share fuska, ta shiga kicin ta ƙara ruwan tuwo.